Ƙusar da ke rumfar Baba mai rodi

A wurin ginin da nake aiki, can gefen titin Spintex a Accra, akwai dogon teburin katako a ƙarƙashin rumfar kwano, inda ake yanka rodi ana lanƙwasawa. A jikin dirkar rumfar an kafa ƙusa guda 'yar inci huɗu, duk ta yi tsatsa. A kanta Baba mai rodi yake soke takardar da ke gaya masa kaurin kowane ƙarfe, da tsawonsa, da inda zai karya shi, da guda nawa ake so. Kamfaninmu yana biyan daloli duk shekara saboda manhajar da ke riƙe mana takardu, kuma ni shaida ce kuɗin ba asara ba ne. Amma ƙarfen da ake binnewa a cikin kankare, takardar da ke kan ƙusar nan yake bi, ba wadda ke cikin kwamfutata ba. Sai da muka yi asarar kwana huɗu, aka kuma ci mutuncin dattijo a gabana, sannan wannan maganar ta zauna mini a kai.

Idan matan unguwarmu a Nima suka gan ni bayan asuba ina jiran trotro, ƙaramar bas ɗin haya, da takalmin aiki a ƙafa da hular kwano a hannu, sukan ce, "Injiniya, an fito?" In amsa gaisuwa in wuce. Ni ba injiniya ba ce. Fasahar gini na karanta a kwalejin fasaha ta Accra, wadda ta koma jami'a a 2016, kuma tun 2014 nake aikin akawun takardu a ɓangaren ɗan kwangila.

A babban gini, ɗan kwangila ba ya sayo abu ya liƙa haka kawai. Mai gini yana da wakilai: mai zanen gini, da injiniyan ƙarfe da kankare, da injiniyan wuta da ruwa, da mai ƙididdigar kuɗi. Kafin a sa komai a jikin ginin sai an gabatar musu, sun gani, sun amince. Wannan gabatarwar ita ake kira sabmital a wurin aiki, har leburori sun iya kalmar. Wani lokaci takarda ce daga masana'anta mai nuna ƙarfin rodi, ko ajin siminti, 32.5R ne ko 42.5R. Wani lokaci abu ne da sai an taɓa da hannu, kamar tayil guda uku, ko guntun alminiyam na taga, ko gefen bango da aka shafa wa fenti don a ga launinsa da rana tsaka. Wani lokaci kuma zane ne da maƙeri ko mai gilashi ya yi da kansa, yana nuna dalla-dalla yadda zai ƙera abin da mai zanen gini ya kwatanta a dunƙule. Ni nake ba kowanne lamba, in aika, in rubuta ranar da ya fita, in bi sawunsa har ya dawo. Amsar harafi ɗaya ce. A, an amince. B, an amince amma a gyara wuraren da aka yi wa jan biro. C, a sake a dawo da shi. A kwangilar da muke yi yanzu, kwana 14 wakilan mai gini suke da shi su ba da amsa.

Na san akwai masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne irin na 'yan ofis. Ni ban taɓa ɗaukarsa haka ba. Ina makaranta a watan Nuwamban 2012 lokacin da benen wani babban kanti ya rufta a Achimota, mutum 14 suka rasu. Mun kwana a gaban talabijin muna kallon ana tonon ɓaraguzai. Washegari malaminmu bai buɗe littafi ba, sai ya tuna mana cewa garin nan a kan ƙasa mai motsi yake zaune, ya ba mu labarin girgizar ƙasar 1939 da ta rusa gidaje a Accra, sannan ya ce duk wanda zai sa hannu a takardar gini ya san rayukan mutane yake sa wa hannu. A 2018 Ghana ta fitar da cikakken kundin ƙa'idojin gini nata, GS 1207. Abu ne mai kyau. Sai dai kundi ba ya zuwa bakin ƙofa ya auna rodi, mu muke aunawa. Duk motar rodin da ta shigo, kafin a sauke, sai an yanki mita ɗaya an ɗora a sikeli. Mai kaurin milimita 12 ya kamata ya kai wajen giram 888, mai 16 kilo 1.58, mai 20 kilo 2.47. Idan ya gaza sosai, to an sirantar da shi tun daga masana'anta, ko me takardar da ta rako shi ta ce, kuma motar juyawa za ta yi da kayanta. Kankare ma haka. Duk ranar zubi ana ɗiba a cika 'yan akwatuna masu santimita 15 ta kowane gefe, idan sun daskare a jiƙa su a tanki, a kai ɗakin gwaji a murƙushe wasu a kwana 7, sauran a kwana 28. Na kwana 7 yakan ba da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙarshe, to daga nan ake fara sanin ko za a yi barci ko ba za a yi ba. Sakamakon duk ta hannuna yake bi.

Lokacin da na fara aiki ana tsakiyar dumsor, wato zamanin yawan ɗauke wuta a Ghana. Rajistata a Excel take, takardu kuma a manyan fayiloli masu baƙin bango, jere a kan kanta cikin kwantenar da muka mayar ofis. Idan na haɗa sabmital sai in buga kwafi uku, in ba ɗan aike mai babur ya kai ofishin injiniya a Osu ko Ridge, ya dawo mini da guda ɗaya da hatimin "an karɓa" da kwanan wata. Idan aka ɗauke wuta, janaretan wurin aiki na injin walda ne, ba na firinta ba, sai a jira. Takardu sun ɓata a hanya, ruwan sama ya jiƙa wasu, wani injiniya ya rantse bai ga abin da sakatariyarsa ta sa wa hannu ba. Ba na kewar wannan zamanin.

Manhajar ta zo mana ne ta hannun wani mai gini da ya sa ta sharaɗi a kwangila. Ire-irenta suna da yawa a duniya. Akwai Procore ta Amurka, akwai Aconex da aka ƙirƙira a Ostareliya kafin Oracle ya saye ta, akwai kuma ta Autodesk. Tamu ba zan faɗi sunanta ba, don abubuwan da zan ba da labari ba laifin maƙeranta ba ne. Tushen aikinsu ɗaya ne, shi ne kuma abin da ƙa'idar ISO 19650 ta 2018 ta tsara: a sami rumbu guda ɗaya inda kowace takarda take zaune, kuma a san matsayinta, ko ana kan aikinta, ko an raba ta don dubawa, ko an amince an fitar da ita, ko ta tsufa an adana. Ka ɗora takarda sau ɗaya, manhajar ta ba ta lamba, ta aika wa mutum na farko, idan ya gama ta wuce wa na biyu, ta rubuta sa'a da mintin da kowa ya buɗe. Idan kwana 14 sun kusa cika ta aika tuni. Idan sabon zane ya zo ta ture tsohon gefe.

Gaskiya ta sauƙaƙa mini rayuwa. A taron mako-mako an daina musu a kan wa ya riƙe me. Sai in haska allo a bango, kowa ya ga sunansa da adadin kwanakin da takarda ta yi a hannunsa. Na ga manyan mutane sun sauke murya a gaban wannan allon. Kuma a matsayina na mace, ƙarama a cikinsu, allon ya ba maganata nauyin da da can sai na yi ta maimaitawa kafin a saurara.

Tuntuɓen farko a 2022 na yi shi, a wani ginin kafin wannan. Tagogin alminiyam da gilashinsu daga waje za a kawo, ta jirgin ruwa zuwa Tema, kuma irin kayan nan watanni suke ɗauka tsakanin oda da isowa. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa tun farkon Satumba na ɗora zanen mai gilashi da samfurinsa. Hanyar da aka tsara wa takardar ita ce ta fara zuwa wurin mai zanen gini, sannan injiniyan ƙarfe ya duba ko za su jure iska, sannan wakilin mai gini ya rufe. Mai zane ya amsa cikin kwana uku. Daga nan shiru. Ashe injiniyan da sunansa ke cikin tsarin ya bar ofishinsu, ba wanda ya gaya mana, kuma ba a rufe imel ɗinsa ba. Kullum ƙarfe takwas na safe manhajar tana aika masa tuni, saƙon yana faɗawa akwatin da ba mai buɗewa. A allona layin ya koma ja. Na gani. Amma jajayen layuka sun kai talatin a lokacin, idona ya saba da su, kuma a raina na ce ai ana tuna masa kullum. Da a zamanin ɗan aike ne, da tun mako na biyu na ɗaga waya.

Wanda ya yi 2022 a Ghana ya san abin da jinkirin wata guda yake nufi. Dala ta fara shekarar a wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 13, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Farashin da mai gilashi ya ba mu na kwana 30 ne, ya wuce. A rana ta 38 manajan aiki ya leƙo ofishina yana tambayar yaushe tagogi za su taso, na buɗe layin, na ji cikina ya ɗuri ruwa. A nan kuma manhajar da na dogara da ita har na yi sakaci ita ce ta cece mu. Kwangilar a kan tsarin FIDIC na 1999 take, wato tsarin kwangilar gini na ƙasa da ƙasa, kuma sashe na 20.1 ya ce idan ɗan kwangila yana neman ƙarin lokaci ko kuɗi, dole ya ba da sanarwa cikin kwana 28 daga ranar da ya san matsalar ko ya kamata a ce ya sani, in ba haka ba haƙƙinsa ya faɗi. Kwana 14 na amsa da kwana 28 na sanarwa, 42 ke nan. Saura mana kwana huɗu. A daren muka rubuta wasiƙar, muka haɗa da tarihin takardar kamar yadda manhajar ta adana shi, ranar ɗorawa, ranar da ta isa akwatin injiniya, da kowane tuni. Ba wanda ya iya musawa. An ba mu ƙarin lokaci, kuɗin kuma aka raba asarar. Tun daga ranar, duk layin da ya kwana biyu yana ja, waya nake bugawa in ji muryar mutum, kuma farkon kowane wata ina tambayar kowane ofishi ko sunayen da ke cikin tsarin har yanzu suna nan.

Bara aka kawo mana wani sabon abu, manhaja mai karanta kundin bayanin aiki da kanta ta fitar da jerin duk sabmital ɗin da ake bukata. Irin wannan fasahar ce ta sa Autodesk ya sayi kamfanin Pype a 2020. Wadda muka gwada ta yi cikin mintuna abin da nakan yi mako guda ina yi da biro da rula. Na ji daɗi ƙwarai. Amma da na zauna na bi jerin, sai na ga babu maganin hana yoyon tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, domin ba a cikin kundin aka rubuta shi ba, a gefen wani zane ne da ƙananan haruffa. Yawancin waɗannan manhajoji a kan tsarin rubutun Amurka aka gina su, inda kowane fanni yake da lambarsa da gurbinsa. Mu kuwa al'adar Ingila muka gada, rabin bayanin yana cikin kundin ƙididdigar kaya, wani a gefen zane, wani kundin ma hoton kwafin kwafi ne da aka ɗauko daga tsohon aiki. Ina amfani da jerinta a matsayin somin-taɓi, sannan in karanta komai da idona. Ko ba komai, kwangila ta faɗa ƙarara cewa amincewar injiniya ba ta sauke wa ɗan kwangila nauyinsa, balle mantuwar na'ura.

To, ga maganar ƙusa.

Watan Yunin 2023 ne, ruwa yana sauka kusan kullum. Muna shirin zuba dekin hawa na huɗu. Mai gini ya sauya shawara, ɗakin da aka tsara ofis ya ce zai zama ma'ajiyar fayiloli, takarda kuwa idan ta taru nauyinta ba wasa ba ne. Injiniya ya sake lissafi, ya canza bim biyu, wato dogayen kankaren da ke ɗauke da deki, da ke ƙarƙashin ɗakin. Rodin ƙasa ya tashi daga milimita 16 zuwa 20, zobban da ke ɗaure su, waɗanda muke kira ringi, aka matso da su daga tazarar milimita 200 zuwa 150. Sabon zane da sabon jadawalin rodi, gyara na uku, suka dawo ranar Alhamis da yamma da harafin A. Manhajar ta yi duk abin da aka gina ta ta yi. Ta ture gyara na biyu, ta aika wa mutum goma sha ɗaya saƙo, layin ya koma kore. Na danna "an rufe", na ɗauki jakata don in riga cunkoson Tetteh Quarshie.

Cikin mutum goma sha ɗayan nan babu Baba. Ba shi da imel, bai taɓa bukata ba. Dattijo ne ɗan Maamobi, ya haura shekara sittin, yana karanta zanen ƙarfe fiye da yawancin waɗanda muka yi makaranta tare, yana rubuta lissafinsa da alli a kan teburin. Injiniyanmu na wurin aiki, wanda ya saba buga takarda ya kai masa, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi tun ranar Juma'a. Shugaban ma'aikata yana cikin jerin, amma shi sai ya ga dama yake buɗe imel. Asabar da Litinin Baba da yaransa suka yanka, suka lanƙwasa, suka ɗaure. Talata kafintoci suka rufe gefen katako. An riga an yi odar motocin kankare da famfon turawa, Alhamis da asuba za a fara zubi.

Laraba da hantsi injiniyan mai gini ya zo dubawar ƙarshe. Saurayi ne mai natsuwa, ba ya rabuwa da ɗan ma'aunin kauri a aljihu. Ina tsaye a bayansa a kan dekin, iska tana kaɗa mini hijabi a ƙarƙashin hula, na ga ya durƙusa a kan bim ɗin, ya auna, ya sake aunawa, ya ɗago ya ce, "Madam, da wane zane kuka yi aiki?" Na buɗe kwamfutar hannu na nuna masa gyara na uku. Ya ce abin da ke cikin katakon nan ba shi ba ne. Aka aika a kira Baba. Ya hawo tsani a hankali, da takarda a naɗe a hannunsa, mai huda a sama inda ƙusa ta shiga, da tabon tsatsa da na shayi. Gyara na biyu. A ƙasanta ga hatimina, "an amince a yi aiki da shi", ga sa hannuna.

Kafin in buɗe baki shugaban ma'aikata ya fara yi wa Baba faɗa da Twi, da ƙarfi, a gaban yaran da ke kiransa Masta. Baba bai kalle shi ba. Ni ya kalla, ya miƙo mini takardar ya ce, "'Yata, wannan ba hatiminki ba ne?"

Na ce, "Nawa ne, Baba."

Ya ce, "To, abin da kika ba ni shi na yi."

Bai ƙara ko kalma ba. Na juya na gaya wa shugaban ma'aikata ya yi shiru, laifin daga ofishina yake, na kuma maimaita haka a gaban manaja da rana. Da la'asar na sauka rumfar na ba Baba haƙuri. Ya ce ba komai, Allah ya tsare gaba, ya ci gaba da kwance wayar ɗauri da hannunsa.

Rodi mai milimita 16 faɗin bakinsa murabba'in milimita 201 ne, mai 20 kuwa 314. Wato bim ɗin zai samu kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfen da injiniya ya lissafa, a ƙarƙashin ɗakin da za a cika da kantocin fayil. An soke motocin kankare, an buɗe katako, an zare ƙarfen, an yanka sabo. Ruwan sama ya cika katakon dekin, sai da aka sake sharewa. Kwana huɗu suka tafi. Guntayen 16 ɗin daga baya an yi amfani da su a kan ƙofofi da tagogi, don haka asarar ƙarfe ba ta yi yawa ba.

Ba kwana huɗun ne suka hana ni barci ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da saurayin nan bai durƙusa ya auna ba, da an zuba kankare, kuma da rumbun takardunmu ya ci gaba da shaida har abada cewa bim ɗin nan yana da rodi mai milimita 20. Ga zane, ga harafin A, ga sunayen mutum goma sha ɗaya, ga koren layi da na rufe da hannuna. Bayan shekara ashirin wani injiniya zai buɗe fayil ɗin don a ƙara hawa ko a ɗora tanki, ya yarda da abin da ya gani, ya yi lissafinsa a kai. A zamanin fayil mai baƙin bango kowa yana zargin takarda, yana zuwa ya duba da ido. Yanzu da komai ya yi tsaf a allo, zargin ya ragu, kuma wannan ne yake ba ni tsoro.

Ga yadda nake yi yanzu, ko zai amfani wani mai irin aikina a Kumasi ko Tamale ko Kano. Ina da ƙaramin littafi mai bangon kwali, a ciki na rubuta duk kwafin takarda da ya fita daga ofishina zuwa fili, da wanda ya karɓa: rumfar rodi, rumfar kafintoci, mai famfo, mai wuta, sito. Idan sabon gyara ya zo, ba na danna "an rufe" sai tsofaffin kwafin duk sun dawo kan teburina, na ƙirga su, na buga musu jan hatimin "an soke". Idan biyar suka fita, biyar nake jira. Sabon da kaina nake kaiwa, a cikin leda saboda ruwa, in nuna wa mai aikin wurin da injiniya ya kewaye da zanen gajimare, alamar nan ne aka canza. Sannan in yi saƙon murya da Hausa a zauren WhatsApp na ma'aikata, shugaban ma'aikata ya maimaita da Twi. Mun kuma sa manhajar tana buga 'yar alamar nan mai murabba'i a kusurwar kowane zane, wadda idan ka haska ta da waya za ta gaya maka ko zanen yana raye ko an soke shi. Babban yaron Baba shi ke haskawa kowace safiya kafin a kunna injin yanka. Wannan dabarar ta masu manhajar ce, kuma na yaba musu, don ita ce karo na farko da na ga rumbun ya miƙo hannu har rumfa.

WhatsApp ɗin kansa sai da na yi masa iyaka. Injiniyoyi suna son su ce "ku ci gaba" a saƙo, ko a baki suna shiga mota. Dokar Ghana ta 2008 kan mu'amala ta na'ura ta amince da rubutun lantarki, amma kwangila takan fayyace hanyar da umarni zai bi, kuma waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, mai ita yana barin aiki. Duk umarnin da aka bayar ta haka, kafin magariba na rubuta shi a manhaja na aika wa mai shi ya tabbatar. Wasu suna jin haushi. Ina ba su haƙuri, ina kuma ci gaba da aikawa.

Ranar Litinin da ta wuce na sauka daga trotro da kokona da ƙosai a leda, na buga gyara na biyu na matakalar hawa na shida, na nufi rumfa. Tun daga nesa Baba ya zare tsohuwar takardar daga ƙusa ya riƙe yana jirana.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Me suka canza?"

Na nuna masa gajimaren. Ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa, ya ɗauki alli ya rubuta lambobi uku a kan tebur, ya haɗa, ya goge, ya sake haɗawa. Sannan ya ce tsawon da aka rubuta wa rodi mai lamba 14 a jadawalin bai kai ba, idan ya lanƙwasa shi yadda zanen ya nuna, ƙugiyar ƙarshe ba za ta samu wurin kamawa a cikin bim ba, ya gaza da kusan tafin hannu. Na duba zanen, na duba jadawalin. Takardar tana ɗauke da harafin A da sa hannun mutum uku.

Na ce, "Baba, kada a yanka wannan tukuna."

Ya ce, "Da ma ban yi niyya ba."

Na ɗauki hoton lissafin allin da wayata, na karɓi tsohuwar takardar na sa a jaka, na hau ofis na buɗe takardar tambaya zuwa ga injiniya, na liƙa hoton a ciki. Ta taga ina jin Baba yana gaya wa yaransa su bar matakala, su koma kan ringin ginshiƙai kafin amsa ta zo.